A koya wa sababbin likitoci duba marar lafiya ta waya

'Yar ƙanwata tana shekarar sanin makamar aikin likita a wani asibiti a nan Jos. Wani dare muna zaune bayan isha'i, sai ga saƙon murya ta WhatsApp daga gwaggonta da ke Wase: "Likitarmu, jikana ne jikinsa ya yi zafi rau, ga tari, me za mu ba shi?"

Ta riƙe wayar ta yi jim. Shekara shida ta yi a jami'a ana koya mata ta taɓa goshi, ta latsa ciki, ta saurari ƙirji, ga shi yaron da ake tambaya a kansa yana can tafiyar sa'o'i daga inda take. Sai ta kira. "Gwaggo, yana kama nono? Yana amayar da duk abin da ya sha? Ya yi jijjiga?" Ta sa aka ɗaga masa riga, aka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Ga jariri ɗan wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye a minti alama ce ta ciwon haƙarƙari, kuma nasa ya zarce haka, ƙasan ƙirjinsa yana loɓawa. Ta ce, "Kada ku jira gari ya waye, ku kai shi asibiti yanzu."

Alƙaluman ta san su tun a aji. Abin da ta ce ba wanda ya taɓa gwada mata shi ne yadda za ta duba yaro da idon wani.

Akwai manya a aikin da ke ganin waya ba wurin duba marar lafiya ba ce, kuma suna da hujja, domin akwai cutar da sai hannu ya taɓa. Amma tun kullen korona na 2020 mutane suka saba da kiran likita, kuma mai zama a Kanam ko Shendam ba zai fasa ba. In likita bai ɗaga ba, kemis za a je.

Don haka nake ganin ya kamata Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, ta sa wannan a cikin shekarar horon. Dama ana zagayawa da sababbin likitoci sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. A kowane sashe a ba sabon likita kiran waya na gaske, babba yana zaune kusa yana ji, sannan a rubuta a katin marar lafiya. A koya masa ya fara da tambayar garin da mutum yake da asibiti mafi kusa da shi, kafin layi ya yanke.

Sai harshe, wanda ya fi damuna. Mace ta ce tana fama da "sanyi", mura take nufi, ko ciwon gaɓoɓi, ko abin da kunya ta hana ta faɗa alhali mijinta yana tsaye a kanta? Likitan da bai iya cewa "Hajiya, ke kaɗai ce a ɗakin?" ba, zai rubuta maganin da ba nata ba.

Hoton ƙurji ko na takardar gwaji da aka turo ma amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bayanan lafiya, amma hotunan nan suna kwana a wayar da yaran gida ke wasa da ita.