Wai ina kuɗin masu cikin nan ne?

Jama'a don Allah wa ya ga alat ɗin tallafin masu juna biyu a Zariya? Ni dai ban ga wadda ta samu ba a unguwarmu. Tun ƙanwata na laulayi wasu suka zo wajen awo da fom, aka ce a kawo NIN da BVN da lambar waya, mata suka yi layi cikin rana tun safe har azahar, wata ma jiri ya kwashe ta sai da aka yayyafa mata ruwa, aka ɗauki hoto kowacce da katinta a hannu aka ce ku je ku jira. Yanzu ta haihu an yi suna ta yi arba'in, yaron har ya fara zama, alat ɗin da ke shigowa wayarta sai na banki in sun cire kuɗinsu.

Kuma fa ba kwaɗayi ba ne wallahi. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin napep kaɗai daga Tudun Jukun zuwa awo ya isa ya hana mace fita, ga sikanin ga gwajin jini, ga takardar kayan haihuwa da za a miƙo maka, safar hannu, auduga, reza, sai kuma itacen wankan jego. Mijinta tela ne a Sabon Gari, ranar da babu ɗinki babu cefane. Haka ta riƙa tsallake awo, ƙafa a kumbure, ƙarshe a gida ungozoma ta karɓi haihuwar, Allah ne kawai ya tsare.

Masu cewa in an ba mata kuɗi anko za su yi, haba malam! A Jigawa da Zamfara tun 2014 aka yi shirin da ƙungiyar agaji ta Save the Children ke ciki, naira 3,500 duk wata a hannun matar kanta, daga ciki har yaro ya shekara 2, kuma binciken da aka yi ya nuna tsumburewar yara ta ragu, mata suka sayi awaki suka kama sana'a. Ko SURE-P ta zamanin Jonathan, wato shirin tallafin gwamnatin tarayya, naira 5,000 take bayarwa kashi-kashi in kin je awo kin haihu a asibiti. Ashe ana iyawa in an ga dama.

In babu kuɗin ku fito ku faɗa, ku daina shanya mata da tsohon ciki a rana saboda hoto. Sannan BVN ɗin da kuka karɓa, yanzu yana hannun wa?