Wanda ba ya jefa ƙwallo ma haƙƙinsa a biya shi

Ranar Juma'a 27 ga Yunin 2025 ina wajen aiki a Toronto ta ƙasar Kanada, muna hutun cin abinci, labari ya fito cewa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Raptors ta rabu da shugabanta Masai Ujiri. Wani abokin aikina, haifaffen garin, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai mutumin bai taɓa jefa musu ƙwallo ko ɗaya a raga ba, a kan me za a ci gaba da zuba masa miliyoyi? Wallahi abincin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Ku da ke gida ba lallai ku san shi ba, amma a Zariya ya tashi. Ba koci ba ne. Shi ke zaɓo 'yan wasa, shi ke yanke wa za a ɗauko wa za a sallama, kocin ma shi ke ɗauka. Ya zo daga Denver a 2013. A 2016, wajen zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi, ya zaɓi Pascal Siakam ɗan Kamaru, bayan an ɗebi mutum 26 an tsallake shi. A 2018 ya sallami koci Dwane Casey, ya kuma ba da DeMar DeRozan, wanda garin ke ji da shi kamar ɗan cikinsu, ya karɓo Kawhi Leonard da ya kusan shekara yana jinya. Ya sha zagi ba kaɗan ba. Shekara na zagayowa suka ɗau kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, karon farko da ya tsallaka wajen Amurka.

Ina wajen ranar da aka zaga gari da kofin. Jiragen ƙasa sun cika maƙil tun da sanyin safiya, matasa sun ɗare rumfunan jiran mota, 'yan wasa a saman manyan motoci marasa rufi, jajayen riguna iya ganinka, tsofaffi har da kuka. Ko a hawan Daushe ban ga cinkoso irin wannan ba.

Gaskiya bayan nan ƙungiyar ta yi ƙasa. Kawhi ya tafi bayan kaka ɗaya, Fred VanVleet ya tafi a 2023 ba a samu komai a madadinsa ba. Na yarda. Amma wanda ya iya hango zinare a cikin tsakuwa ba a sakinsa don damina biyu ba ta yi kyau ba. Ko nawa ya nema, da ni ne zan biya.

To amma da wane baki zan yi wa mutanen nan faɗa? Su dai sun biya shi shekara goma sha biyu. Kawuna a ƙauyenmu ta wajen Kura ya fi haka daɗewa yana riƙe da layin ruwan rani. Wani tsohon littafi ne da shi a aljihun gaba, murfinsa ya jiƙe ya bushe har ya murɗe, a ciki yake rubuta ranar kowa. Shi ke kiran gayyar yasar magudana, shi ke tashi cikin dare in wani ya toshe wa maƙwabcinsa ruwa. Shinkafa ta yi kyau, a yabi mai gona. Shi kuwa ladansa "Allah ya saka, Malam". Ko kwano ɗaya ba wanda ya taɓa auna masa, har da gidanmu.

Bara waccan ya tafi Abuja aikin gadi. Ƙanina ya ce min yanzu duk sati sai an kai ƙarar ruwa gaban mai gari, gonakin ƙarshen layi kuma sun koma sai dai a sayi fetur a tayar da inji. Daren Juma'ar nan na kira kawu. Na tambaye shi littafin, ya ce yana cikin jakarsa, ba wanda ya nema.