Majami'ar Wesley ta Landan: ado ya ƙaru, gini ya kusa rushewa

Ranar 1 ga Nuwamba 1778 John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Kirista ta Methodist, ya buɗe majami'arsa a titin City Road da ke Landan, don ta maye gurbin tsohuwar maƙerar igwa da mabiyansa suke taruwa a ciki tun 1739. George Dance ƙarami ne ya zana ta, Samuel Tooth ya gina ta da bulo. Abin da Wesley ya nema shi ne ɗakin da kowa zai ji wa'azi, shi ya sa aka yi zauren mai kusurwa huɗu, bene ya kewaye shi ta ɓangare uku, mumbari mai hawa uku ya tsaya gaban teburin Jibin Ubangiji. Ginshiƙan benen ma ba na marmara ba ne, dogayen itatuwan jiragen ruwa ne da Sarki George na Uku ya bayar kyauta.

Waɗanda suka gaje shi ba su bar ta haka ba. A 1864 aka rage tsayin mumbarin, aka sauke gaban benen. Gobarar 1879 ta lalata silin, aka sake shi bisa tsohon fasali, wannan kam daidai ne. Sai 1891, cikar shekara ɗari da rasuwar Wesley, aka cire itatuwan aka kafa ginshiƙan dutse masu sheƙi, tagogi kuma suka cika da gilashi mai launi. A ganina nan aka yi asara. Gilashin yana da kyau, amma ya rage hasken da mai riƙe da littafin waƙa yake bukata, kuma itatuwan nan su ne shaidar cewa talakawa ne suka tashi ginin da abin da ya samu. Kaɗan daga cikinsu suna nan a zauren shiga, masu yawon buɗe ido suna shafawa su wuce.

Duk wannan ado bai hana a rufe majami'ar a 1972 ba, da aka gano tana iya faɗowa kan masu ibada. Unguwar asalinta fadama ce, kuma tsohon ginin bulo a irin wannan ƙasa ba ya tsufa daga fuska. Danshi yana hawa bango daga ƙasa, indararo ya toshe ruwa ya bi ta cikin bulo, kan katakon da ke binne a bango ya ruɓe ba wanda ya gani. Mai ba da gudunmawa kuwa ya fi son sunansa a jikin taga da a jikin magudanar ruwa.

Shekara shida aka yi ana gyara. An sake buɗe ta ranar 1 ga Nuwamba 1978, Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana wurin. A 1984 aka mai da ɗakin ƙarƙashin ƙasa gidan tarihin Methodist, matakin da nake goyon baya, don ɗakin da ake shiga kullum ba ya ɓoye danshi.