Gwajin Wasan Kwaikwayo Ba Gasar Kuka Ba Ce

Matasa da yawa a Kaduna, idan za su je gwajin shiga ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo, sun ɗauka wanda ya fi rusa kuka ko daka tsawa shi ake zaɓa. Sam ba haka ba ne. Dandamali daban, kyamara daban. Darakta kan koma kujerar can baya ya kasa kunne, ya ji ko muryar za ta iso masa babu makirufo. Sai ya ce, "Malama, maimaita, amma wannan karon ki danne fushin." A nan ake gane mai karɓar gyara.

Ana kuma duba zuwa atisaye. Yana min ciwo in ga mai baiwa ya rasa gurbi saboda kullum daga Rigasa sai bayan Magariba yake isowa.