Yankari ya fi bukatar 'yan gida a kan baƙin ƙetare

Duk lokacin da aka taso da maganar farfaɗo da gandun dajin Yankari, abin da aka fi ji daga bakin mahukunta shi ne yadda za a jawo Turawa su zo su kashe dala. Ba na ƙin baƙo, amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki, domin wanda zai riƙe wannan daji da rai shi ne malamin makaranta daga Gombe ko ɗan kasuwa daga Azare, wanda zai ɗebo iyalinsa da safiyar Asabar su yini a can, su koma gida kafin isha'i.

Yankari na jihar Bauchi ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma a cikinsa ne ɗaya daga cikin manyan garken giwaye da suka rage a Nijeriya yake kiwo, tare da ɓauna da gwanki da dorina. Tunda dukiyar jiha ce, da harajin talakan jihar ake kula da ita, shi ya fi kowa haƙƙin morar ta.

Wanda ya taɓa sauka matakalar da ke kaiwa ga ruwan Wikki ya san abin da nake nufi. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa ba ya sauka daga kusan maki 31 ko da sanyin hunturu, kuma garau yake har mutum yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. Yara na tsalle suna ihu, birai na zaune a kan rassa suna dakon wanda zai yi sakaci da ledar burodinsa. Amma a gefe guda za ka tarar da iyaye mata zaune cikin hijabi, suna gadin takalma da kulolin abinci, sun yi tafiyar kusan sa'a biyu daga Bauchi, ga ruwa a gabansu, ba halin shiga saboda cakuɗuwa da maza. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin gyaransa bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba. A ware wa mata sa'o'i biyu ko uku a rana, a sa mata masu kula da wurin, a gyara ɗakin sauya kaya, za a ga yadda magidanta da yawa da ke ɗari-ɗari da zuwa za su saki jiki.

Sai batun abin hawa. Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kilomita kusan arba'in, saboda haka marar mota tasa ya riga ya fita daga lissafi. Motar bas guda biyu da za su riƙa tashi daga Bauchi da Gombe a ranakun Asabar da Lahadi, da tikiti ɗaya da ya haɗa kuɗin mota da na shiga da na zagayen kallon namun daji, za su sauya lamarin, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Wanda yake shakkar ko mutanenmu na son irin wannan fita, ya leƙa gidan namun daji na Audu Bako a Kano ranar yawon Sallah, ya ga yadda ake turereniya a ƙofa.

Na san masu kishin dajin suna fargabar cewa taron jama'a zai kawo shara da hayaniya, a cika ruwan da sabulu, a kori dabbobi. Fargabarsu tana da tushe, kuma maganinta shi ne a ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, a hana sabulu da leda a bakin ruwa, a ci tarar wanda ya karya doka komai girman rigarsa. Abin da ya fi shara haɗari ga Yankari shi ne mafarauta da masu kutsawa da shanu, da kuma fushin manomin da giwa ta tattake masa gonar dawa cikin dare ɗaya, bai kuma taɓa ganin ko sisin kwabo daga kuɗin shiga ba. Idan matarsa tana sayar da masa da fura ga masu yawon yini, ɗansa kuma yana aikin ja-gora zuwa kogunan dutse na Marshall, da wuya ya rufa wa mafarauci asiri idan ya gan shi ya shiga dajin da bindiga.