Kujera biyu ga alhazai miliyan biyu

Ana saura kwana biyu alhazai su fita Mina a Hajjin 2024, hukumomin Saudiyya suka tara 'yan jarida a Makka suka nuna musu wani ɗan jirgi marar matuƙi, ƙirar kamfanin EHang na ƙasar Sin. Ya tashi, ya yi shawagi, ya sauka, ministan sufuri Saleh al-Jasser na kallo. Tun daga ranar bidiyon nan bai huta ba. Da zarar an fara haramar tafiya ƙasa mai tsarki sai wani ya tono shi ya watsa a WhatsApp da Facebook, da bayanin cewa an kusa daina cusa alhazai a bas, tasi mai tashi sama ne zai riƙa ɗaukarsu daga Arfa zuwa Muzdalifa. Sai ka ga mutane masu hankali, har da waɗanda suka je suka ga cunkoson da idonsu, suna ta kabbara a ƙarƙashin bidiyon, wasu na ƙarawa da kukan cewa duniya ta tafi ta bar mu. Cikinsu ba wanda ya tsaya ya ƙirga kujerun jirgin, alhali guda biyu ne kacal.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Alhazan shekarar sun haura miliyan 1.8, kuma dukansu da faɗuwar rana ɗaya suke barin Arfa, su nufi wuri ɗaya. Jirgin ƙasan Masha'ir, mai haɗa Arfa da Muzdalifa da Mina, da aka buɗe a 2010, layinsa kilomita 18 ne da tashoshi 9. Kowane jirgi yana ɗaukar mutum wajen 3,000, layin kuma yana iya kwashe 72,000 cikin awa guda. Kafin tasin sama mai kujera biyu ya kamo ƙafar wannan, sai ya yi sawu 36,000 a awa. Wato a kowane sakan jirage goma na tashi, wasu goma na sauka, a kwarin da tantuna suka riga suka cinye ƙasarsa, babu masaka tsinke. Ba a ma zo maganar cajin batir ba, ga jirgin da ba ya wuce kamar minti 25 a sama sai ya nemi wuta.

Masu kare abin suna cewa ai don marasa lafiya da kai magani aka kawo shi. Jirgi mai saukar ungulu ya shekara da shekaru yana wannan aiki ba tare da an yi masa biki ba.

Mun kuwa san abin da ya faru 'yan kwanaki bayan nunin. Zafi ya kai maki 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Masallacin Harami. Ministan lafiya Fahd al-Jalajel da bakinsa ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin aikin Hajji, sun yi ta doguwar tafiya a ƙafa cikin rana babu inuwa, babu wurin hutawa. Allah Ya jiƙansu. Abin da bayin Allah nan suka rasa shi ne rumfa, da ruwan sanyi, da kujera a cikin bas mai sanyi. Ko a cikin waɗanda suka biya kuɗin kujerarsu cif, suka rataya katin Nusuk, wato shaidar izinin Hajji, a wuya, tambayi duk wanda ya je ya gaya maka awa nawa ya yi yana jiran mota a Muzdalifa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da ke jiran wata ƙirƙira ta shekara ta 2040.

Sai ga shi wata guda bayan wannan rashi, a Yulin 2024, kamfanin jiragen Saudia ya sa hannu da kamfanin Lilium na Jamus kan sayen jirage masu aiki da lantarki guda 50, da damar ƙara wasu 50, aka kuma ambaci jigilar masu Hajji da Umra cikin ayyukan da za su yi. A lokacin, jirgin da ake cinikinsa bai taɓa tashi da mutum a cikinsa ba. Kafin Oktoba ya ƙare, majalisar dokokin Jamus ta ƙi tsaya wa kamfanin kan bashin Yuro miliyan 50, ya tafi kotu ya ce ya karye. Aka yi ta fafutukar ceto shi, a Fabrairun 2025 ya sake faɗuwa. Ko da ma an kawo jiragen ɗari cif, kowanne da fasinja shida, mutum 600 ke nan a tashi ɗaya, kashi ɗaya cikin biyar na abin da jirgin Masha'ir guda ke haɗiyewa. Ɗan'uwansa Volocopter, shi ma kamfanin tasin sama na Jamus, wanda NEOM, aikin gina sabbin birane na Saudiyya, ya zuba wa dala miliyan 175 a 2022, shi ne ya yi alkawarin ɗaukar fasinja a sararin birnin Paris lokacin wasannin Olamfik na 2024. Aka buɗe wasa aka rufe bai sami lasisi ba, a Disamba shi ma ya bi sahu.

Uwar wannan cuta kuwa tana can arewa maso yammacin Saudiyya, a lardin Tabuk, bakin Bahar Maliya. A Janairun 2021 Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya sanar da birnin da aka raɗa wa suna The Line a ƙarƙashin aikin NEOM, a Yulin 2022 aka fito da zanensa: katanga biyu masu fuskar madubi, tsayinsu mita 500, faɗin birnin duka mita 200, tsawonsa kilomita 170, mutum miliyan 9 za su zauna a ciki, babu mota ko ɗaya. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli dogon benen agogon nan da ke kallon Ka'aba zai fi gane girman maganar. Shi mita 601 ne. Ka rage masa ɗari, ka jera irinsa kafaɗa da kafaɗa, sahu biyu, tun daga Abuja har ka kusa shiga Kaduna.

Aka ce kuma minti 20 zai kai ka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Raba kilomita 170 da minti 20, ka sami gudun kilomita 510 a awa, shi ma idan jirgin bai tsaya a ko'ina ba. Jirgin cikin gari da ba ya tsayawa, wa zai ɗauka? Wasu masu bincike biyu a cibiyar Complexity Science Hub da ke Vienna sun zauna sun yi lissafin a 2023. Suka ce idan ka ɗauki kowane mutum biyu a birnin, matsakaicin nisan da ke tsakaninsu kilomita 57 ne. Da za a naɗe filin nan a mayar da shi da'ira, nisan ba zai kai kilomita 3 ba. Dalilin da ya sa tun fil azal garuruwa suke taruwa suna kewaye kasuwa da masallaci da fada ke nan: mutane kusa da juna suke son zama, miƙaƙƙen layi kuma shi ne siffar da ta fi kowacce nisanta su. Ɗalibin ajin farko a sashen tsara birane ya san wannan. Manyan kamfanonin zane na duniya da suka karɓi kwangilar su ma sun sani, amma ba wanda ke gaya wa mai biyansa cewa mafarkinsa ba shi da ƙafa.

A Afrilun 2024 kafar Bloomberg ta ruwaito cewa abin da ake sa ran kammalawa zuwa 2030 kilomita 2.4 ne, mazauna kuma ƙasa da 300,000 maimakon miliyan 1.5 da aka faɗa da farko. A Nuwamban shekarar shugaban NEOM, Nadhmi al-Nasr, ya bar kujerarsa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Sai dai akwai waɗanda birnin ya riga ya iske tun ba a gina shi ba. 'Yan ƙabilar Huwaitat an tashe su daga ƙauyukansu, kuma a Afrilun 2020 jami'an tsaro suka harbe Abdul Rahim al-Huwaiti, wanda ya yi ta sakin bidiyo yana cewa ba zai bar gidansa ba. Hukuma ta ce shi ya fara buɗe wuta. Wannan ɓangaren labarin ba ya shiga bidiyon madubin da ake turo mana.

Za a ce ai da ba a yi mafarki ba da ba a ƙera jirgin sama ba. Wannan magana ce da duk mai neman kuɗinka kan abin da babu shi yake buɗe baki da ita.

Ciniki ne, kuma yanzu an san yadda yake tafiya. Zana birni ko jirgi da kwamfuta ya yi arha ƙwarai, har ya kai ido ba ya bambance zane da hoton gaske. Sai a sa ranar kammalawa shekara biyar ko goma a gaba, inda wanda ya yi alkawarin ya san ko ya canja aiki ko mutane sun manta. Masu ba da shawara an biya su tun a zaman farko. 'Yan jarida mun sami abin cika shafi, don ni ma ban cire sana'armu daga laifin ba. A 2013 Elon Musk ya fito da shawarar Hyperloop, wato a harba mutane cikin bututun da aka zuƙe wa iska da gudun kusan kilomita 1,200 a awa. Kamfanin Hyperloop One ya tara sama da dala miliyan 450 a kan wannan. Iyakar abin da ya nuna da mutane a ciki shi ne gwajin Nuwamban 2020 a hamadar Nevada ta Amurka: fasinja biyu, bututu mai tsawon mita 500, gudun kilomita 172 a awa. Jirgin Haramain da alhazanmu ke shiga tsakanin Makka da Madina tun 2018 yana yin 300 kullum, da kujeru sama da 400. A ƙarshen 2023 aka rufe kamfanin Hyperloop One aka sayar da kayansa.

Abin takaicin shi ne Saudiyya tana da fasahar da ta cancanci a yi ta yayatawa, sai dai ba ta da ƙyalli. Bayan gobarar Mina ta 1997 da ta ci ɗaruruwan rayuka aka sauya tantunan yadi da waɗanda wuta ba ta ci, kuma tun daga nan ba a sake ganin irinta ba. Bayan turmutsutsun 2006 a wajen jifa, inda sama da mutum 340 suka rasu, aka rushe tsohuwar gadar Jamarat aka gina mai hawa biyar, aka raba hanyar shiga da ta fita, ginshiƙan kuwa tun bayan Hajjin 2004 aka mayar da su dogayen katangu don masu jifa su bazu maimakon su dunƙule wuri ɗaya. Wani ya zauna ya yi nazarin yadda taro ke gudana, inda yake cushewa, da faɗin ƙofar da zai hana mutum ya faɗi a tattake shi. Ƙira ke nan ta gaske, wadda ake auna nasararta da yawan waɗanda suka koma gida. A Riyad kuma, a Disamban 2024 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin birni, layi 6, tashoshi 85, babu direba ko ɗaya, tsawonsa kilomita 176. Ya ɗara The Line tsawo da kilomita 6, kuma yau ma'aikata suna shigarsa zuwa wurin aiki. An shafe sama da shekara goma ana haƙa da gini, ba wanda ya turo mana bidiyonsa da kabbara.

Ba gaba nake yi da abu mai tashi ba. Ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suna kai jini da magani asibitocin karkara a Ruwanda tun 2016, suka shiga Gana a 2019, suka zo Kaduna a 2022. Sun yi aiki ne saboda leda ɗaya ta jini ba ta da nauyi, kuma minti talatin na iya raba mai naƙuda da kabari. An fara da matsala aka nemo mata na'ura. Masu tasin sama na'urar suka fara ƙerawa, yanzu suna yawon neman matsalar da za su jingina ta da ita, har suka iso Arfa.

Mu kuwa ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da irin wannan ruɗi. Turmutsutsun Mina na Satumban 2015 a kan titi ya auku, inda ayari biyu suka yi karo, ya ci 'yan Najeriya da yawa, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Tsarin tafiyar ayari da faɗin hanya ne maganin irin wannan. Shugabanninmu kuma sun iya kwaikwayo, sai dai ɓangaren bidiyon suke ɗauka su bar na haƙa da gini. Senegal ta ba mawaƙi Akon fili don birnin dala biliyan 6 da aka zana kamar a wata duniya, aka aza tubali a 2020, a 2025 gwamnati ta ce an fasa. A Abuja ma an ƙaddamar da Centenary City a 2014 da irin waɗannan hotuna masu sheƙi. Mai mota ya bi ta hanyar filin jirgi ya duba.

Idan hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, da takwararta COHO ta Nijar suka zauna da hukumomin Saudiyya kan yarjejeniyar Hajji, ga abin da za su sa a gaba: alhazanmu nawa za a ba tikitin jirgin Masha'ir maimakon bas, nisan tantunanmu da wajen jifa, da yawan hanyar da aka yi wa rumfa tsakaninsu. Saudiyya ta ƙara inuwa da na'urorin sanyaya wuri bayan 2024, a matsa mata ta ƙara, ta kuma shimfiɗa layin jirgi na biyu. Kuɗin jirage ɗari na kamfanin da ya karye zai yi rumfa mai yawa. Editocinmu kuma, duk wanda ya kawo muku labarin sabuwar abin hawa, ku tambaye shi mutum nawa take ɗauka a awa kafin ku buga.