Ba Coffey kaɗai ya yi wannan aiki ba

Wani labari ya ce marubuci Charles Coffey ne ya ƙirƙiro wasan kwaikwayon nan mai waƙoƙi, The Devil to Pay, amma ai tsohuwar ajiya ya tarar. Wasan Thomas Jevon ne na 1686 aka yi wa kwaskwarima, aka cusa waƙoƙi. Kuma da aka fara nuna shi a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane da ke Landan a 1731, kashi uku ne, sai da aka datse shi ya koma kashi ɗaya tukuna ya karɓu. Kitty Clive kuwa, wadda ta fito a matar mai gyaran takalma, ko sunanta labarin bai ambata ba! Har Jamus wasan ya kai, aka fassara shi. To me ya sa aka jingina komai ga mutum guda?